ƊAN HAUSA: MALAMI, SOJA, MAI ƘAUNAR AIKIN HANNU

Jawabin da aka gabatar a taron Bikin Cika Shekara Hamsin na Ikkilisiya

 

GABATARWA

Godiya da yabo su tabbata ga Allah Uba, wanda ya raya mu har muka ga wannan rana. Shekara hamsin ba wasa ba ce. Da yawa daga cikin iyayenmu da suka sare kara suka kafa rumfar sujada ta farko a wannan wuri sun yi barci cikin Ubangiji, ga shi yau 'ya'yansu da jikokinsu sun cika majami'a har waje. Tarihin ikkilisiyar da sunayen waɗanda suka yi mata hidima suna cikin wasu shafuffuka na wannan littafi, saboda haka ba za mu maimaita su ba.

A cikin Littafin Firistoci sura 25, Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe shekara ta hamsin. A shekarar akan busa ƙaho a duk faɗin ƙasar, a saki bawa, wanda kuma talauci ya sa ya sayar da gonar gidansu a mayar masa da ita. Watau shekara ta hamsin shekarar komawa ga gado ce. Tambayar da muke so mu sa a gabanmu yau ita ce: wane gado ne ya fara suɓuce mana, wanda ya kamata mu koma gare shi?

Kwamitin biki ya roƙe mu mu yi magana a kan ilimi. Mun ga ya fi kyau mu bi ta kan rayuwar mutum ɗaya, gama labarin mutum ya fi dogon bayani zama a zuciya. Mutumin kuwa Bature ne. Ba a nan aka haife shi ba, ba a nan aka binne shi ba, bai kuma taɓa zama ɗan wannan ikkilisiya ba. Duk da haka, duk wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki ko Littafin Waƙoƙi na Hausa a sujadar safiyar nan ya ci moriyar aikinsa. Sunansa Hans Vischer, amma Kanawa Ɗan Hausa suke ce masa, har yau kuma gidan da ya zauna a Nasarawa, cikin Kano, da wannan suna ake kiransa.

ASALINSA DA ZUWANSA ƘASAR HAUSA

An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a shekara ta 1876. Da ya girma ya tafi Ingila ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya kuma shiga makarantar horon ma'aikatan ikkilisiya da ke garin.

A lokacin nan ƙungiyar mishan ta CMS tana neman hanyar shiga ƙasar Hausa. A shekara ta 1900 Bishop Tugwell, tare da Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, da abokan tafiyarsu, suka iso Kano. Sarkin Kano Alu bai ba su izinin zama ba, suka juya suka sauka a Girku ta ƙasar Zazzau, inda ɗayansu ya rasu. A shekara ta 1901 Vischer ya iso ya shiga wannan aiki. Bai daɗe a cikinsa ba ya bari. A 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano, ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin gwamnatin Arewa, aka tura shi Barno a matsayin mataimakin Razdan.

Wasu za su ce ya bar kiransa. Wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Abin da muka sani shi ne Allah yakan yi aiki da wanda ya ga dama, a inda ya ga dama. Annabi Ishaya a sura 45 ya nuna mana yadda Allah ya ɗauki Sairus, sarkin Farisa, ya buɗe wa mutanensa hanya ta hannunsa.

A shekara ta 1906, da zai komo bakin aiki daga hutu, sai ya ƙi bin jirgin ruwa zuwa Ikko kamar sauran Turawa. Ya sauka a Tarabulus ya haɗa ayari, a cikinsa akwai alhazai masu komawa gida da bayin da aka 'yanta masu neman ƙasarsu ta haihuwa. Suka keta Sahara ta Murzuk da Bilma har Tafkin Chadi, tsohuwar hanyar fatake wadda aka daɗe ana kora bayi ta kanta. Watanni suka yi a hanya, cikin ƙishirwa da tsoron mahara. Ya rubuta labarin tafiyar a wani littafi da aka buga a 1910. Wanda ya sha ruwan salka ɗaya da mutane, ya kwana ya tashi da su watanni, lalle zai ji harshensu ya kuma san halinsu. Da wannan sani ya zo Kano.

MAKARANTAR NASARAWA

Gwamna Girouard, wanda ya gaji Gwamna Lugga, shi ne ya ɗora masa aikin kafa ilimin gwamnati a Arewa. Kafin ya fara, ya zaga Masar da Sudan da Gwalkwas, wadda yau ake kira Gana, domin ya ga yadda ake tafiyar da makarantu a can. A shekara ta 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar birni. Ita ce makarantar boko ta farko da gwamnati ta kafa a Arewa, shi ne kuma shugaban Sashen Ilimi na farko.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Mutane suna da makarantun allo da na ilimi tun ɗaruruwan shekaru, ba su kuwa yarda da karatun wanda ya ci su da yaƙi ba. Masana harshe sun nuna cewa kalmar boko kanta tsohuwar Hausa ce, ma'anarta abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Daɗin daɗawa, an san mutumin nan ɗan mishan ne a da. To, ƙaƙa ya yi har iyaye suka saki jiki da shi?

Da fari, ya soma da malamai manya, waɗanda suka riga suka yi karatun Larabci, ya koya musu rubutun boko da lissafi domin su koyar da wasu. Sa'an nan aka buɗe sashen 'ya'yan sarakuna, da makarantar elementare, da ajin masu awon ƙasa, da makarantar sana'a. Na biyu, da Hausa ake koyarwa: karatu da rubutu, lissafi, labarin ƙasa, kiwon lafiya da zane. Na uku, yaro yana zama cikin tufafinsa na gida, yana cin tuwon da ya saba, malaman addininsa kuma suna ba shi karatunsa. An yi wa iyaye alkawari ba za a taɓa addinin 'ya'yansu ba, Ɗan Hausa kuwa ya riƙe alkawarin. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ɗalibai sun haura 200, daga larduna dabam-dabam na Arewa.

A nan akwai darasi gare mu, mu da muke zaune gona da gona, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya da 'yan'uwanmu Musulmi, wasunsu ma uwa ɗaya uba ɗaya muke. Amana ita ce shaida ta farko. Wanda aka ba shi yaro ya koya masa lissafi, ya koya masa lissafi da gaskiya. Bishara ba ta bukatar a shigo da ita ta bayan gida.

Daga wannan tushe aka buɗe makarantun larduna, sa'an nan Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, wadda ta zama Kwalejin Barewa daga baya. A can Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. Malam Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki, a makarantar Nasarawa ya koyi boko.

RUBUTUN DA MUKE KARANTA MAGANAR ALLAH DA SHI

Kada wani ya ce Bature ne ya koya wa Bahaushe rubutu. Tun kafin zuwansu ana rubuta Hausa da ajami, waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu da na malamai da yawa shaida ne. Haruffan boko ma an fara gwada su a kan Hausa tun ƙarni na 19, lokacin da wani ɗan mishan mai suna Schön ya yi aiki da Dorugu, wani yaro Bahaushe da aka kai Ingila. Matsalar ita ce kowane Bature yana rubutawa yadda kunnensa ya ji. Kalma ɗaya sai ka same ta da rubutu uku ko huɗu.

A shekara ta 1912 Ɗan Hausa ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa, domin makaranta da ofis da maɗaba'a su bi hanya ɗaya. An yi ta gyara su daga baya. Haruffan nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suke raba bari da ɓari, da kafa da ƙafa, a shekarun 1930 suka shigo. Amma shi ne ya aza harsashin. Abokin aikinsa Rabaran Bargery, wanda shi ma da mishan ya zo kafin ya koma Sashen Ilimi, ya kammala babban ƙamus na Hausa a 1934.

Ku dubi abin da ya biyo baya. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan wahalar shekaru da Likita Mila da abokan aikinsa suka sha. Gasar rubutu ta 1933 ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da Idon Matambayi, tare da su kuma aka sami Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista ɗan Wusasa, ya rubuta tare da Rupert East. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci. Musulmi da Kirista duk rijiya ɗaya suka ɗiba.

Sa'ad da masu bishara suka shigo ƙauyukanmu, da me suka zo? Da ɗan littafin koyon karatu da fitilar ƙwai. Iyayenmu sun dawo daga gona a gajiye, suka zauna a tabarma suna haɗa baƙi da wasali, har ranar da mutum ya karanta Bisharar Markus da bakinsa ba tare da tafinta ba. Ranar Fentikos, bisa ga Ayyukan Manzanni sura 2, kowa ya ji ayyukan Allah da harshen da aka haife shi a ciki. Mu ma haka Allah ya yi mana.

MAI ƘAUNAR AIKIN HANNU

Turawan mulki da yawa sun ɗauki ginin ƙasa da sana'o'inmu abin raini. Ɗan Hausa a gidan ƙasa ya zauna, ginin magina Kanawa, na tubali da azara, mai zankwaye a kansa. Matarsa Isabelle ta zauna tare da shi a gidan, ta kuma rubuta littafi da Faransanci a kan zamansu a Arewa, wanda aka buga a 1917. Gidan yana nan tsaye fiye da shekara ɗari, an mayar da shi gidan tarihi a ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Nawa ne daga cikin gidajen bulo da muka gina shekara ashirin da suka wuce ba su tsage ba?

A makarantarsa ya ware sashe domin sana'a, ya kawo gwanayen gari su koyar: dukanci, ƙira, ɗinki, aikin kafinta. Ra'ayinsa shi ne a ɗauki abin da mutane suka iya a inganta shi, kada makaranta ta fitar da yaron da zai ji kunyar maƙerar ubansa.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Bichi zuwa Tsanyawa da Ƙunci, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa, ƙasa ce mai yawan jama'a, gida kusa da gida, gona ba ta hutawa sai dai a kai mata taki. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma sun raba shi. Damina wata huɗu ce ko biyar. Kakanninmu sun gane gero da dawa kaɗai ba sa kai gida ga wata kaka, shi ya sa kowane gida yake da sana'ar rani: wannan saƙa, wannan jima, wannan ƙira, wannan sassaƙa, mata kuma kaɗi da ginin tukwane da saƙar faifai. Yau da an gama girbi sai samarinmu su cika mota zuwa ci-rani, da yawa ba takarda a hannu, ba sana'a. Wanda ya yi sakandare kuma yana ganin ya fi ƙarfin riƙe guduma.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. Mutum na farko da aka ambata cewa Allah ya cika shi da Ruhunsa domin wani aiki na musamman a jeji shi ne Bezalel, a Fitowa sura 31, aikin kuwa na zinariya ne da azurfa da tagulla, da sassaƙar dutse da itace. Manzo Bulus, da dukan iliminsa, maɗinkin tanti ne. Ubangijinmu kansa a gidan masassaƙi ya tashi.

Haka kuma kiɗa da waƙa. Akwai lokacin da aka ɗauka ganga da garaya ba su dace da gidan Allah ba, sai waƙoƙin da aka fassara daga Turanci. Iyayenmu mata na Zumunta ne suka ɗauko tulu da kacau-kacau, suka sa Maganar Allah cikin muryar da ake daka da ita, ake raino da ita. Mutane nawa ne suka fara jin labarin Yesu ta bakin matan nan kafin su taɓa jin wa'azin fasto? Iyayenmu mata, Allah ya sāka muku da alheri.

SOJA

A shekara ta 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi. Ɗan Hausa ya ajiye alli ya shiga sojan Ingila. Tun da yake yana jin Jamusanci da Faransanci da Ingilishi, an sa shi a sashen leƙen asiri, ya kai muƙamin Manjo. Yaƙin ya jawo wa ilimin Arewa koma baya, gama ma'aikata sun ragu, kuɗi ya tafi wajen yaƙi, shi kansa kuma bai koma kujerarsa ta Kano ba. Yaƙi haka yake: ko an yi shi a nesa, yaron da ke aji yana biyan kuɗinsa.

Ba shi kaɗai ya tafi ba. 'Ya'yan talakawan ƙasar Hausa sun yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sa'an nan a Gabashin Afirka. A Yaƙin Duniya na Biyu an kai su har Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Hausa ce harshen bariki a lokacin, da yawa kuma a can suka koyi karatu suka dawo da shi ƙauye. Daga 1967 zuwa 1970 aka yi yaƙin basasa. A cikinmu yau akwai dattawan da suka ga wannan yaƙi da idonsu, akwai gwauraye da marayun waɗanda ba su dawo ba. Ƙasa takan tuna da su ranar 15 ga Janairu kowace shekara, amma ikkilisiya ya kamata ta tuna da su kowane mako, da ziyara da kwanon hatsi. Kada mu manta, Ba'al'umme na farko da Manzo Bitrus ya shiga gidansa da bishara soja ne, Karniliyus, a Ayyukan Manzanni sura 10. 'Yan mazan jiya, mun gaishe ku.

Bayan yaƙi Ɗan Hausa bai bar aikin ilimi ba. Daga 1923 zuwa 1939 shi ne sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara a kan ilimi a ƙasashen da take mulka. A 1926 yana cikin waɗanda suka kafa wata cibiya a Landan domin nazarin harsuna da al'adun Afirka, wadda ta yi aiki a kan haruffan rubuta harsunanmu, ta kuma ƙarfafa 'yan Afirka su rubuta littattafai da harsunansu. Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir a 1941. Ya rasu a Ingila a shekara ta 1945.

ABIN DA MAKARANTARSA BA TA YI BA

Ba mu zo mu mayar da mutum waliyyi ba. Ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, makarantarsa kuma an tsara ta domin samar da sarakuna da malaman ofis da za su tafiyar da mulkin. Ɗan talaka na ƙauye bai sami gurbi sosai ba, balle ɗan Bamaguje. 'Ya'ya mata ba su shiga ba sam, sai a 1930 aka buɗe musu makarantun gwamnati a Kano da Katsina. An yi tafiyar hawainiya, an kuma jinkirta koyar da Turanci, har Kudu ta yi wa Arewa nisa a ilimin zamani, tazarar da har yau ba a rufe ba. Gwamnatin da ya yi wa aiki ita ce kuma ta daɗe tana hana mishan shiga ƙauyukan masarautu.

Sai a shekarun 1930 ƙofa ta fara buɗewa, ta hanyar jinyar kutare. Mishan ta SIM ta karɓi aikin kutare na lardin Kano, wanda muka sani da Yadakunya, ta buɗe Asibitin Ido na Kano a 1943, aka sami tashoshi da makarantu a wurare kamar Roni da Kabo, da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa. A 1954 aka kafa ECWA. A shekarun 1970 Maguzawa da yawa suka karɓi bishara, a daidai lokacin da gwamnati ta fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976. Watau daga buɗe makarantar Nasarawa zuwa ranar da allon makaranta ya iso yawancin ƙauyukanmu, an yi kusan shekara saba'in. Abin da aka jira shekara saba'in kafin a samu, bai kamata a yi wasa da shi ba.

GADON DA ZA MU KOMA GARE SHI

'Yan'uwa, ga abin da ya sa muka kawo labarin nan. Baƙo ya taso daga Suwizalan, ya keta hamada, ya yi wahala har aka kira shi Ɗan Hausa, ya kuwa ɗauki sunan abin alfahari. Mu da aka yanke wa cibiya a ƙasar nan, sau da yawa muna jin ana cewa Bahaushe ba ya zama Kirista, wanda ya bi Almasihu ya bar Hausa. Mun san ba gaskiya ba ne. Amma in 'ya'yanmu ba su iya karanta Littafi da Hausa ba, ba su san karin magana ba, ba su iya gaisuwar manya ba, ba su san sana'ar gidansu ba, to, mu da kanmu muke gaskata maganar. Akwai yaranmu da suka gama firamare, Turancin bai zauna ba, Hausar ma ba sa iya karantawa. An yi ba wan ba ƙanen.

Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 ya ce a fara koya wa yaro da harshen gida. Gwamnatoci suna zuwa suna sauya tsari, amma gida da ikkilisiya ba sa bukatar jiran takarda daga Abuja. Turanci wajibi ne, yaranmu su koye shi da kyau, su shiga Kwalejin Ilimi ta Bichi, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, da Jami'ar Bayero, su wuce gaba. Sai dai itacen da ba shi da saiwa, iskar farkon damina ma takan kayar da shi.

Saboda haka muna roƙon ikkilisiya ta ɗauki waɗannan abubuwa su zama alkawarin bikin nan:

1. A farfaɗo da ajin koyon karatu na manya kowane rani, daga gama girbi zuwa sharar gona, a buɗe shi ga kowa a garin, Kirista da Musulmi.

2. A kowane gida, a addu'ar dare, a ba yaro Littafi na Hausa ya karanta da ƙarfi, babba ya gyara masa.

3. A ranar godiyar kaka, kowane magidanci ya ware tiya ɗaya ta hatsi domin asusun karatun marayu da 'ya'ya mata. Kada a cire yarinya daga aji saboda talla ko aure.

4. Duk mai sana'a a cikinmu, maƙeri ko tela ko magini ko makanike, ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa, ɗan makaranta ma ya riƙa zuwa bayan an tashi.

5. Matasa masu waya a hannu su zauna da dattawa da 'yan mazan jiya da iyayenmu mata, su ɗauki labarinsu da waƙoƙin Zumunta na da, su rubuta su da Hausa mai kyau tun masu su suna da rai.

6. Malaman Makarantar Lahadi su shirya kai yara Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, su ga aikin kakanninsu da idonsu. Tafiyar ba ta wuce ta yini ɗaya ba.

KAMMALAWA

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa ya sa aka ɗauko duwatsu goma sha biyu aka kafa, domin in 'ya'ya sun yi tambaya a sami abin faɗa musu. Wannan ɗan littafi da ke hannunku dutse ne irin wannan. Amma dutsen da aka yi wa rubutu ba ya amfanar wanda bai iya karatu ba. Yawancinmu ba za mu ga bikin shekara ɗari ba. Yaran nan da ke zaune a tabarma a gaba su ne za su gan shi, in Ubangiji ya jinkirta zuwansa. Abin da za su karanta a ranar, da harshen da za su yi waƙa da shi, yana hannunmu yau. Da sanyin safiya ake kama fara.

Allah ya ba ikkilisiyarsa malamai masu amana, da hannuwa masu sana'a, da zaman lafiya da maƙwabta. Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da mu duka. Amin.